Daga Tafireta Zuwa Hayar Manhaja: Waiwaye Daga Bakin Ruwan Yauri

Lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya taso ya haɗiye gungaye da gonaki da tsoffin garuruwa, aka tashi sama da mutum 40,000 aka mayar da su sababbin matsugunai a gaɓar tafki. Iyayenmu da suka ga ƙaurar nan da idonsu sukan ba da labarin gidajen da aka gina musu da itatuwan da suka bari a ƙarƙashin ruwa. Abin da ba a cika ambata ba shi ne tarin takardun da ƙaurar ta ci. Sai da aka ƙirga gidaje, aka rubuta sunayen masu su, aka tsara wanda zai koma ina. Da alƙalami da tafireta aka yi wannan aiki. In muna son gane yadda muka wayi gari mai shagon kwamfuta a Yelwa yana kwana da tunanin farashin dala, daga wannan tafireta ya kamata mu ɗauko zaren.

Tafireta dukiya ce. Wanda ya sayi Imperial ko Olympia ya saya ke nan. In ya ga dama ya sayar, in ya matsu ya jinginar, in ya rasu a sa ta cikin gado tare da keke da rediyo. Abin da take ci bai wuce ribin da takardar kabon da ɗan man keken ɗinki da ake ɗiga mata ba. A ofisoshin En'e, daga baya kuma na ƙaramar hukuma bayan gyaran 1976, akawu kan jera farar takarda uku da kabon biyu a tsakani, ya murɗa su cikin injin, ya daidaita gefe da babban yatsa, sannan ya hau bugu. Ta sama ta tafi Sakkwato, ta tsakiya ta shiga fayil, ta ƙasa wadda ta fito dishi-dishi ita ce rabon mai ƙorafi. Kuskure ɗaya gyara uku ne, shi ya sa akawun wancan zamani ba ya taɓa harafi sai ya gama ƙulla jimlar a kansa.

A wajen ofis kuwa akwai mai tafireta na bakin kotu da na gidan waya, da teburinsa da benci a inuwar dogon yaro. Masunci daga Zamare ko manomi daga Shanga ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya zayyano maganarsa. Mai bugu ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaya: "Baba, filin nan daga gabas da wa ya yi iyaka?" Dattijo ya ce, "Malam akawu, ka sa tsamiya, kowa ya san ta." A buga, a karanta masa, ya dangwala yatsa. In takardar Hausa ce, sai an bi ta da biro an sa wa ƙ da ɗ da ɓ lanƙwasarsu, domin injin bai san su ba. A makarantu kuma sitensil ake yankawa, a ɗaura wa injin Gestetner, a yi ta juya hannu har takardun jarrabawa su cika kwali. Duk wanda ya zauna aji a lokacin bai manta warin tawadar nan ba.

Girgiza ta farko ta zo a 1986. A farkon shekarun 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja a farashin gwamnati, sai tsarin SAP na mulkin Janar Babangida ya sake ta a kasuwa, ta shiga gangara. Ribin ya yi tsada, takarda ta yi tsada. Amma mu lura da kyau: faɗuwar naira ta tsaya ne a kan abin da injin yake ci. Injin kansa yana nan kan tebur, mai shi na bugu da shi, babu wanda ya zo daga waje ya ce a sake biya.

Ranar 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, fayilolinmu suka daina tafiya Sakkwato suka koma Birnin Kebbi. A waɗannan shekaru ne kwamfuta ta fara leƙowa, tukuna a bankuna da jami'o'i da manyan ofisoshi. Ɗaki guda ake ware mata, a rufe ta da mayafi saboda ƙura, wani wurin har sai an cire takalmi kafin a shiga. Waɗanda suka fara koyonta sun sha fama da shuɗiyar fuskar WordPerfect da layukan Lotus 1-2-3, kafin Windows ta zo da linzami da hotuna ta sauƙaƙa al'amari. A Kano, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙera haruffan kwamfuta masu lanƙwasar Hausa, ya raba mu da bin takarda da biro. Manhajar wancan lokaci a kwali take zuwa, da faya-fayanta da littafi mai kauri, kuma sau ɗaya ake biya. Sai dai a cikin kwalin akwai wata 'yar takarda da ba mu karanta ba. Ita ce ke cewa manhajar ta kamfani ce, abin da mai saye ya samu izinin amfani ne kawai. Tun ran gini tun ran zane. Duk abin da ya biyo baya yana rubuce a wannan takarda.

Shekarar 2001 ce ta buɗe ƙofa sosai. A Agustan shekarar aka fara wayar GSM a Najeriya, a Oktoba Windows XP ta fito, kwantenonin kwamfutoci na hannu kuma suka riƙa sauka Legas, daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja su hauro arewa, wasu su biyo ta Kontagora, wasu mu je mu ɗauko a titin Beirut da ke Kano. Cikin 'yan shekaru shagunan buga takardu suka bazu a Yelwa, suka kai Wara da Birnin Yauri. Kamarsu ɗaya: tebur biyu, firinta, injin fotokwafi, da ƙaramin janareta a bakin ƙofa, domin ko da yake muna kwana muna tashi a gefen Kainji, wuta ba ta taɓa zama abin dogaro ba. Yaran masu tafireta da 'yan matan da suka koyi bugu a makarantun koyon aikin ofis su ne suka fara zama gaban waɗannan injuna, yatsunsu sun riga sun san hanya. Takardar rantsuwa, takardar cinikin fili, katin ɗaurin aure, kalandar 'yan siyasa, furojet ɗin ɗalibai, duk suka dawo shagon kwamfuta. Mai tafireta na bakin kotu ya naɗe tabarmarsa a hankali, ba tare da an yi masa ban kwana ba.

Nan fa ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya. A duk wannan zamani ba mu san manhaja abar saye ba ce. Injiniyan da ya haɗa maka kwamfuta yakan zaro jakar faya-fayan CD, ya loda Windows da Office da CorelDRAW, ya shigar da wasu lambobi da ya haddace kamar karatun allo, ka biya shi kuɗin aikinsa. A tunaninmu manhaja tana cikin kwamfuta kamar yadda haruffa ke jikin tafireta. Kalmar lasisi ba baƙuwa ba ce a Yauri: direba ya san ta, maharbi ya san ta, masuntan tafki ma sun san ta tun da aikin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus ya kawo tsarin lasisin kamun kifi a shekarun 1990. Amma lasisin rubutu a kwamfuta bai taɓa zuwa kunnenmu ba. Kuma ko mun ji, ina za mu saya? Babu shagon da ke sayar da na asali a kusa, babu katin banki da zai biya a waje, kuɗin kwali guda kuma ya fi na kwamfutar da za a sa shi. Ba mu kaɗai ba ne: ƙididdigar ƙungiyar kamfanonin manhaja ta BSA ta daɗe tana nuna cewa kusan kashi 80 cikin 100 na manhajojin da ke kwamfutocin Najeriya ba su da lasisi.

Mun ɗauka banza muka samu, amma mun biya ta wata ƙofa. Ina tune da wata yamma a wani shago, wani ɗalibi ya kawo filash ɗinsa domin a buga masa babi na huɗu, washegari zai miƙa. Aka soka filash, sai kowane fayil ya rikiɗe ya zama hoton banza da ba ya buɗuwa. Yarinyar da ke bugu ta kira mai shago, shi kuma ya aika a kira injiniya. Injiniya ya duba ya girgiza kai ya ce, "Oga, bairos ne ya cinye ta, sai dai a yi fomatin." Aikin wata biyu na ɗalibin ya tafi, ya haɗa da takardun abokan cinikin shagon na shekara guda. Yaron ya zauna a kan benci ya dafe kai, ya kasa ko magana. Manhajar da aka fasa ba ta samun gyaran tsaro yadda ya kamata, sau da yawa ma abin da aka fasa ta da shi ne ke shigo da cutar. Kuɗin fomatin, da ranakun da shago ya zauna ba ciniki, da amanar da ta zube, duk farashi ne, sai dai ba wanda ya taɓa rubuta su a littafin shago.

Akwai kuma wani biyan da ya fi wannan nisa. A cikin shekara goma sha biyar an yaye tsara guda da koyon kwamfuta a wurinta yake nufin koyon Word da Excel. Ma'aikata ta ce a aiko takarda a Word, banki ya ce a aiko jerin suna a Excel, makaranta ta tsara sakamakon ɗalibanta a ciki. Hannunmu ya saba, takardunmu suka taru a tsarin kamfani guda. Wannan sabo shi ne igiyar da ta fi kowane lasisi ƙarfi.

Juyin da ya kawo mu inda muke ya faru ne nesa da mu, kuma ba mu ji ƙararsa ba. A Yunin 2011 Microsoft ya fito da Office 365, wanda ake biya wata-wata ko shekara-shekara. A farkon 2013 ya faɗaɗa shi zuwa gidaje. A Mayun shekarar Adobe, mai Photoshop, ya sanar da cewa ya daina fitar da sabon kwali, daga nan sai haya. Dalilinsu ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya sayi Office 2003 ko 2007 yakan zauna da shi shekara goma bai ƙara ba kamfani sisi ba, domin wasiƙa wasiƙa ce, tsohuwar manhaja na rubuta ta daidai da sabuwa. Haya kuwa kuɗi ne mai shigowa kowane wata, wanda kamfani zai iya lissafa shi tun kafin ya zo. Intanet kuma ta ba su abin da ba su da shi a zamanin CD: manhaja na iya leƙawa gida lokaci-lokaci ta tambaya ko an biya. A madadin haka suka haɗa da abubuwa masu amfani na gaske, wato adireshin imel da sunan kamfaninka, rumbun ajiya a intanet, da gyaran tsaro da ba ya yankewa. Mai haya ba ya rasa takardunsa don kwamfuta ta mutu. Wannan alheri ne, bai kamata mu musa shi ba.

A daidai lokacin ne harkokinmu na gida suka fara komawa intanet ɗaya bayan ɗaya. Lambar BVN ta zo a 2014. JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015. A Nuwamban 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Kebbi ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers, sai ga ƙungiyoyin manoman shinkafa na neman wanda zai jera musu sunaye da lambobin asusu da girman gonaki a Excel. Makarantu masu zaman kansu, shagunan magani, dillalan taki da na albasa, ƙungiyoyin sa kai da ke aiki da masu ba da tallafi daga waje, kowa ya wayi gari yana buƙatar lissafi mai tsabta da imel na hukuma. Annobar korona ta 2020 ta ƙara tura tarurruka kan Zoom da Teams. A ƙarshen shekarar aka ce a haɗa NIN da layin waya. Sannu a hankali wasu daga cikinmu suka shiga haya, wani don abokin hulɗa ya sharɗanta masa, wani don ya gaji da jan layin da ke fitowa a saman shafi yana cewa lasisi bai tabbata ba.

Yanzu bari mu zauna mu yi lissafi, domin a nan zuciyar maganar take. Tsarin da ƙananan kamfanoni suka fi ɗauka, wanda yau ake kira Business Standard, a 2025 dala 12.50 ne ga mutum ɗaya a wata a farashin da Microsoft ya wallafa, wato dala 150 a shekara. Haka yake tun 2013, ya shafe sama da shekara goma bai motsa ba. A 2013 dala tana kusan naira 160, ke nan shekarar ma'aikaci ɗaya naira 24,000 ce. Sai naira ta shiga tafiya: ta haura 300 a 2016, ta haura 400 a 2021, a Yunin 2023 Babban Banki ya haɗe farashin canji ta yi tsalle daga kusan 460 zuwa sama da 700, a Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. A kan 1,500, dala 150 ɗin nan ta zama naira 225,000. Harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a Fabrairun 2020, daga Janairun 2022 kuma doka ta ɗora wa kamfanonin waje karɓarsa a kan abin da suke sayar mana ta intanet, ya ƙara kusan naira 17,000. Ofis mai mutum biyar zai ajiye sama da naira miliyan 1.2 kowace shekara. A waɗannan shekaru kamfanin bai ƙara ko sisi a wannan tsari ba, amma nauyin ya ninka fiye da sau tara a wuyan wanda ke cin kasuwa da naira. Abin da ya tsallake mai tafireta a 1986 shi ne ya same mu, domin yanzu injin kansa ne ake biya da dala, kuma kowace shekara.

Ga shi kuma ko biyan ma sai da wahala. A 2022 bankuna suka rage abin da katin naira zai saya a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya da dama suka rufe ƙofar gaba ɗaya, sai a tsakiyar 2025 suka fara buɗewa. A tsakanin nan an cire tallafin fetur a Mayun 2023, janareta ya zama abin tsoro, a Janairun 2025 kuma aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100, ita kuwa manhajar haya da data take rayuwa.

Sannan farashin dalar shi ma ya fara motsi. A Maris 2022 Microsoft ya ɗaga Business Basic daga dala 5 zuwa 6, Business Premium daga 20 zuwa 22. A Janairun 2025 Google ya ɗaga ƙaramin tsarinsa na Workspace daga dala 6 zuwa 7, na tsakiya daga 12 zuwa 14, bayan ya cusa Gemini a ciki. A Janairun dai Microsoft ya mayar da tsarin mutum ɗaya na gida daga kusan dala 70 zuwa kusan 100 a shekara, saboda Copilot. Ƙirƙirarriyar basira ce hujjar ƙarin, ko mai shago na amfani da ita ko ba ya yi. Ranar 14 ga Oktoba 2025 aka daina aiko da gyaran tsaro na yau da kullum ga Windows 10 da Office 2016 da 2019, alhali da dama daga kwamfutocin hannu da ke shagunanmu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. A Disamban 2025 kuma aka sanar da cewa daga 1 ga Yuli 2026 Business Basic zai koma dala 7, Business Standard ɗin nan da ya daɗe a tsaye ya koma 14. Kayan aro ba ya rufe katara: ranar da haya ta ƙare, Word zai buɗe maka takardarka ka karanta, amma ba zai bari ka gyara ko harafi ɗaya ba, abin da ke rumbun intanet kuma akwai wa'adin da in ya cika ake goge shi.

Masu sana'ar da na ga sun tsaya da ƙafarsu cikin wannan yanayi daga ƙirga suka fara. Sun zauna da takardar banki sun bi duk abin da ke fita kowane wata, sun gano suna biyan kujera, wato lasisin mutum ɗaya, ta ma'aikacin da ya bar aiki tun bara, ko suna biyan rumbun ajiya a wuri biyu. Daga nan suka dubi aikin kowa. Akawun da ke riƙe da lissafi mai sarƙaƙiya yana buƙatar cikakken Excel a kwamfutarsa, amma yaron da aikinsa amsa imel da buga rasit ne ƙaramin tsari mai rabin kuɗin ya ishe shi. Sharuɗɗan biya ma na buƙatar natsuwa. Wanda ya ɗauki alkawarin shekara ya ɗaure farashin dala har shekarar ta cika, sai dai bayan kwana bakwai na farko ba zai iya rage kujeru ba. Wanda ya zaɓi wata-wata ba tare da alkawari ba yana biyan ƙarin kashi 20, wanda ya yi alkawarin shekara amma yana biya kowane wata yana ƙara kashi 5 tun Afrilun 2025. Kasuwarmu ta yanayi ce, tana cika a kakar albasa da shinkafa da lokacin rajistar makarantu, ta lafa da damina. Hikima ita ce a ɗaure ma'aikatan dindindin da shekara, a biya a lokacin da kuɗi ke hannu, masu taimakon ɗan lokaci kuma a yi musu na wata.

Akwai wata hanya da tarihinta ya kai na shagunanmu tsufa, amma jakar CD ta hana mu waiwayarta. A 1999 kamfanin Sun ya sayi manhajar ofis ta Jamus mai suna StarOffice, ya sake ta kyauta da sunan OpenOffice. Da Oracle ya saye Sun a 2010, masu aikin suka ɓalle suka kafa LibreOffice. Halal ce, kyauta ce, ba ta neman data, kuma tana tafiya a tsohuwar kwamfuta. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta arewacin Jamus ta yanke shawarar mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 kanta. Tana da tangarɗarta: takardar Word mai tebura da yawa takan karkace in an buɗe ta a ciki, kuma hannun da ya saba da Word yana buƙatar sati biyu ko uku na haƙuri. Amma wasiƙa da takardar yarjejeniya da lissafin shago ba su fi ƙarfinta ba, in an mayar da su PDF kuma babu mai bambance su. Ga wanda dole sai Word, sayen sau ɗaya bai mutu ba tukuna: Office 2024 na kasuwanci kusan dala 250 ne ga kwamfuta ɗaya, da kulawa har Oktoban 2029, kusan kuɗin hayar shekara ɗaya da rabi ke nan, ko da yake babu imel da rumbu a ciki. Kamfanin Zoho na Indiya kuma yana karɓar kuɗinsa da naira. A ganina shagon buga takardu mai kwamfuta huɗu a Yelwa ko Wara lasisi ɗaya na asali yake buƙata a kan injin da ake karɓar aikin waje, sauran ukun LibreOffice ta wadatar.

Abin da nake tsoro shi ne tsada ta sake tura mu ga jakar CD a sabuwar kama. Ana tallar asusun Office "na har abada" a kuɗin da bai kai na buhun gawayi ba. Galibi asusu ne da aka buɗe a ƙarƙashin wata makaranta ko ƙungiya da ba ka sani ba, mai kula da shi na iya ganin abin da ka ajiye, kuma ana iya rufe shi dare ɗaya. Shagunanmu kuwa cike suke da NIN da BVN da takardun filayen jama'a, dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta ɗora alhakinsu a kan mai riƙe da su. Tsarin iyali na Microsoft mai ɗaukar mutum shida shi ma an yi shi ne don amfanin gida, sharuɗɗansa ba su yarda da kasuwanci ba. Kuma akwai maganar haƙƙi. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙungiyar OIC, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ta kare. A da muna da uzurin rashin sani da rashin hanya. Yau mun sani, ga kuma ta halal kyauta a gabanmu.

Saura abu biyu da akawun En'e ya riga mu sani. Na farko, kowace takarda tana da kwafin da ke zama a fayil ɗin ofis. Duk abin da muka ajiye a rumbun kamfani, ya kasance akwai kwafinsa a faifan ajiya da ke cikin durowarmu, ana sabunta shi kowace Juma'a, domin mai kwafin takardunsa a hannu ne kaɗai ke iya cewa haya ta yi masa tsada ya tashi. Na biyu, ribin da kabon suna cikin kuɗin bugu. Kuɗin manhaja ma ya shiga farashin kowane shafi da kowane kati, a riƙa ware shi kullum tare da na mai da takarda, a lissafa shi da farashin dala da ya ɗara na yau.

Ƙungiyoyin masu shagunan kwamfuta a Yauri da Ngaski da Shanga su zauna su ware rana guda su koya wa yaransu LibreOffice, makarantun koyon kwamfuta kuma su sa ta cikin darasi. Kai kuma mai shago, buɗe Word ɗinka yau ka duba shekararsa. In 2016 ne ko 2019, an riga an daina kula da shi. In 2021 ne, wa'adinsa 13 ga Oktoba 2026.